Sawun Bijiman Kucheri

Ana saura kwana biyu Babbar Sallah aka wayi gari garken Kamfanin Kiwo na Gidan Taju, wanda ke bayan Kucheri, babu ko bijimi ɗaya. Goma sha biyu ne, turkakku, waɗanda aka shafe watanni ana ɗura musu dusa da ƙulin auduga har tozonsu ya kwanta gefe. Ba abin da ya rage sai turaku da igiyoyi.

Kafin hantsi gari ya gama shari'a. 'Yan bindiga ne suka kora, kuma kowa ya san ba sa shiga wuri sai da ɗan gari. Ɗan garin kuwa ba a sha wahalar nemansa ba. Lawwali ne, makiyayin da ke kwana a bakin garken, wanda aka tarar zaune lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

"A kori shanu gaban mutum, ko mari ba a yi mai ba?" in ji wani ɗan sa-kai. "Wanga infoma na!"

Suka taɓa lafiyar jikinsa sosai, sa'an nan suka miƙa shi ga 'yan sanda a Tsafe.

*

Bayan hutun Sallah labarin ya iso ofishin haraji a Gusau, ya sauka a teburin Rufaida.

Rufaida 'yar Kwatarkwashi ce. Marigayi mahaifinta mai bin sawu ne, irin wanda in an sace akuya ko saniya ake zuwa a ɗauke shi da asuba. Tun tana ƙarama take riƙe masa sanda a gindin duwatsu, yana nuna mata yadda ƙasa ke riƙe labari. Daga baya ta yi karatun lissafi har jami'a, ta fito da sakamakon da ya fi na duk mazan ajinsu, kuma ba ta taɓa ganin dalilin ɓoye hakan ba. A ofis ana kiranta 'Yar Sawu, da nufin a muzanta ta. Ita kuwa amsawa take yi da ƙarfi.

Wata da watanni ke nan tana fafatawa da mai kamfanin, Alhaji Tajuddeen. Umrarsa da ta iyalansa, kuɗin makarantar 'ya'yansa, har kayan ɗakin 'yarsa, duk an zuba su cikin kuɗin tafiyar da kamfani, don riba ta ragu haraji ya ragu. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta ce sai ya biya. Yanzu ga shi ya aiko cewa an yi masa sata, babu riba balle haraji, a rubuta asara.

Shugabanta, Malam Lukuman, ya tsaya a kanta yana wasa da carbi.

"Ki sa hannu kawai, Rufaida. Wane gari ne ba a kori shanu ba a jihar nan? Mutum ya yi asara, an ma kama wanda ya ci amanarsa."

"Sai na ga garken, ranka ya daɗe."

"Hanyar Tsafe? Ba ni da motar da zan ba ki."

"Akwai ta haya."

"Ke dai ba kya gajiya da jawo wa kanki baƙin jini. Sa'anninki duk an ƙara musu girma, ke kina nan kina ƙirga wa manya loma."

Ta ɗauki jakarta. Sau uku ana tsallake sunanta a ƙarin girma, kuma ta san dalili.

*

Allah ya taimake ta da ƙasa. An yi ruwan fari na shuka gab da satar, daga nan sama ta ɗauke, taɓon bakin garken ya bushe da duk abin da aka taka a kansa.

Mutanen gari suka tsaya nesa suna kallon mace da takalmin ofis ta tattare zane ta tsuguna a kashin shanu. Wani ya ce, "Haraji ta zo auna kashi." Aka kwashe da dariya. Ba ta ɗaga kai ba.

Shanun da aka kora da bindiga gudu suke yi. Kofato yakan nutse ta gaba, sawu ya hau kan sawu, ga kuma layin babura gefe da gefe. Nan kuwa babu tayar babur ko ɗaya. Bijiman a jere suka fita, taku a natse, wani ma har ya tsaya ya fizgi ciyawa. Kuma ba daji suka nufa ba. Ta bi su ta bayan gonaki har zuwa wani tudu a bakin kwalta, inda babbar mota ta ja da baya ta manna gindinta, aka hau da su kamar masu tafiya kasuwa.

Abin da ya tsinka mata zuciya shi ne sawun mutum. Ɗaya ne tak, a gaban shanun, takalmin roba mai faci a dunduniyar hagu. Shanu ba sa bin baƙo haka.

Tana dawowa ta tarar da wata mata tsaye da goyo a bakin wata bukka da ta ƙone rabi. Zulai ce, matar Lawwali.

"Baiwar Allah, takalmin mijinki yana da faci?"

Zulai ta dube ta da jajayen idanu. "Ni nal liƙe shi da wuƙa mai zahi. Ke ma kin zo ki ƙarasa shi?"

"Wa ya sa muku wuta?"

"Gari. Ko rijiya an hana ni. Mai sayar da manja ya ce kuɗina na jini na." Ta gyara goyo. "Alhaji kaɗai yat tuna da mu. Ran Sallah ya aiko muna da nama, cinya guda. Allah shi saka mai."

Rufaida ta koma bakin titi. Ta zo neman ƙaryar mai kuɗi, ga shi ta samo igiyar da za a rataye talaka. In ta faɗi abin da ta gani ta tsaya nan, Lawwali ya gama yawo.

*

A Tsafe aka fito mata da Lawwali yana jan ƙafar dama. Fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe.

"Malam Lawwali, kai ka kai shanun bakin titi. Na ga sawunka."

Ya sunkuyar da kai. "Ni dai ban san 'yan daji ba, Hajiya. Ko a lahira haka za ni ce."

"Na yarda. To wa ya ce ka fito da su?"

Ya kau da kai.

"Ka san inda za a kai ka daga nan? Ba batun satar shanu ake yi ba yanzu. Batun haɗa baki da masu kashe mutane ake yi."

"Cewa anka yi in yi shiru, bayan Sallah za a hiddo ni."

"Sallah ta wuce. Wa ya zo?"

Ya dubi siminti. "Tun ina yaro nike cin tuwon gidan nan. Su sunka yi mani aure. Ba ni iya buɗa baki."

Ta fito ranta na tafasa, ba ta ma san da wa take fushi ba, da wanda ya sa shi shirun ko da shi mai shirun.

*

Zarginta ya faɗa kan Bashar, manajan kamfanin, ɗan ƙanin Alhaji. Shi ya kai rahoton satar, kuma a satin Sallah aka gan shi da sabuwar mota. Lissafin ya zauna daidai: ya sayar da bijimai a ɓoye, ya ɗora wa 'yan daji.

Ta shiga kara, inda ake cinikin shanu, ta Gusau da ta Tsafe, tana kutsawa tsakanin ƙahoni da baƙar magana. Shanun Gidan Taju ba sa ɓacewa, domin kowanne an yi masa lalas a cinya da ƙarfe mai zafi, shaida mai siffar fartanya. Dillalai suka rantse ko ɗaya bai shigo ba. Motar Bashar kuma ta bincika, ashe gadon matarsa ne aka raba.

Ta same shi a ofishinsa yana shan lemo.

"Malama Rufaida, har yanzu ba ki gaji ba? Wallahi da aure kika yi da kin huta, mu ma mun huta."

"In na tashi zan aiko maka da goro. Motar wa ta ɗauki shanu a bakin titin Kucheri?"

Kwalbar ta tsaya a hanya kafin ta kai bakinsa. "Wace mota?"

"Kai ka rubuta cewa an kora su daji."

"Ni yaron gida ne," ya ce, muryarsa ta sauka. "Abin da aka ce in rubuta shi nake rubutawa." Sai kuma ya farga, ya daka mata tsawa ta fita.

Ta fita da abu ɗaya. Ba Bashar ne kan maganar ba. Amma bijimai goma sha biyu ba a sayar ba, ba a kai daji ba, to ina suka shiga?

*

Ranar Asabar ta tafi gida Kwatarkwashi, ta zube a tabarmar mahaifiyarta, Inna Mairo, ƙafafunta duk sun yi kanta.

"Kin rame," in ji Inna. "Ubanki ma haka yake in sawu ya ɓace mai. Tashi ki ci nama, na rage miki na ragon layya."

"Inna, ina fatar? Kin ce za ki ba ni in sa a jeme."

"Ke da kika yi karatu? Na ba masu karɓa na masallaci. Bana 'yan sabon masallacin Bungudu sunka zo, na Alhajin nan mai neman sarauta, Tajuddeen. Har da raina muna fatar rago, wai su bana fatun shanu sunka samu daga manyan gidajen Gusau, irin waɗanda mutum biyu ba su ɗagawa."

Rufaida ta ajiye naman da ke hannunta.

Nama a ci shi, ƙashi a jefar, kai a babbake. Amma fatar layya ba mai yanka da zai sayar ya ci kuɗinta, kuma ba mai jefar da ita. Sadaka ake yi da ita. Ta tuna cinyar da aka aika wa Zulai, sai ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"Ina za ki kuma?"

"Bungudu."

*

Warin ne ya nuna mata ɗakin, a bayan masallacin da ba a gama rufinsa ba. Ma'ajin kwamiti, wani dattijo mai fara'a da ake kira Malam Tambaya, ya ɗauka mai saye ce.

"Kin zo a sa'a, dillalin Kano bai iso ba. Duba ki gani. Alhaji, Allah shi ƙara mai, ya rarraba ma manya bijimai na layya, shi ma ya yanka nashi. Ya roƙi alfarma guda, a maido fatun nan don mu sayi kwanon ruhi. Kin ga mai tsoron Allah."

Fatun na jibge, an barbaɗe su da gishiri an ninke, gashi a ciki. Ba wanda zai buɗe su sai majemi. Rufaida ta naɗe hannun riga ta kama ta sama ta ja. Ƙudaje suka tashi, ruwan gishiri ya zubo mata a ƙafa. Ta shimfiɗa ta, ta share wajen cinya da tafin hannu.

Fartanya.

Ta buɗe ta biyu, ta uku, har ta kai ƙasa, tana ɗaukar hoto da waya, hawayen wari da na takaici suna haɗuwa. Sa'an nan ta sayi guda da kuɗin aljihunta, Malam Tambaya yana ta sa mata albarka.

*

Ranar Litinin Alhaji Tajuddeen ya zo da kansa karɓar takardar asara. Ya zauna a kujerar baƙi ta ofishin Malam Lukuman, babbar riga tana ƙamshin turare, Bashar na tsaye a bayansa. Ba su san Rufaida ta kira jami'in 'yan sandan da ke riƙe da Lawwali ba, sai da suka gan shi ya shigo, Zulai na biye da shi tana rarraba ido.

"Mene ne haka?" in ji Malam Lukuman.

Rufaida ta shigo ta ƙarshe tana jan buhu. Ta zazzage shi a tsakiyar kafet. Kowa ya toshe hanci.

"Ranka ya daɗe, ga ɗaya daga cikin shanun da 'yan bindiga suka kora. Sauran suna Bungudu a bayan masallacin Alhaji. Ga shaidar kamfani a cinya. Lawwali ya kai su bakin titi saboda an umarce shi, mota ta kwashe su, aka raba wa masu faɗa a ji don neman rawani. Sai aka ce a rubuta sata, don kamfani ya ci asara, haraji ya faɗi."

Jami'in ya tsuguna ya duba lalas ɗin, ya ɗago ya dubi Bashar. Bashar ya dubi bayan kan baffansa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Alhaji bai musa ba. Dariya ma ya yi, gajera.

"To, sai me? Yarinya, shanun wa? Ni na kafa kamfanin nan tun ba a haife ki ba. Sunana ne a jikinsa. Mutum ya ɗauki abinsa ya yi kyauta, sai a ce ya yi sata?"

"Ai ba ni na ce an yi sata ba, Alhaji. Kai ka ce."

Ta nuna fatar, ta ci gaba.

"Lokacin da ake saya musu dusa da magani, na kamfani ne, an cire kuɗin daga haraji. Ranar yanka kuma suka zama naka. In naka ne, ka rubuta ka ɗauka, ka biya abin da ke kai. Ba wanda zai hana ka kyauta. Amma ka zaɓi a karya ƙafar mutum a ƙone masa ɗaki."

"Ni na ce a taɓa shi? Cewa na yi ya yi shiru kwana biyu. Da kin sa hannu tun farko, da tuni na fitar da shi. Ke kika tsawaita masa zama."

Wannan ta shige ta, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ta haɗiye, ta tsaya ƙyam.

Zulai ce ta yi magana, a hankali, ba ta kalli kowa ba sai fatar.

"Alhaji, naman da ka aiko muna... na wanga na?"

Alhaji ya gyara zaman babbar rigarsa.

"Na soya ma yara. Har na kai ma Lawwali can inda yake tsare, ya ci." Ta sa bakin mayafi ta goge harshenta, ta sake gogewa. "Kiwonai na. Shi ka ba su ruwa da hannunai."

Malam Lukuman ya miƙe da sauri. "To, to, ya isa. Wannan magana ce ta manya, za a zauna. A fitar da wannan ƙazantar."

*

An zauna ɗin. Aka kira abin kuskuren rubutu. Kamfani ya biya haraji da tara ba tare da hayaniya ba, aka janye rahoton sata, ba a tuhumi kowa da komai ba. Kafin kaka aka naɗa wa Alhaji rawaninsa, masallaci ya sami rufi. Rufaida kuwa aka yaba mata a baki, aka mayar da ita sashen karɓar harajin masu shaguna, inda ba za ta ƙara ganin fayil ɗin babban kamfani ba. Ta karɓi takardar canjin a tsaye, ta ce a gaishe da wanda ya rubuta.

Amma kafin duk wannan, ranar da aka saki Lawwali, ta je Tsafe. Zulai na jiransa da ƙullin kaya a ka, don Kucheri ba ta zaunuwa. Ba wanda ya je ya gaya wa gari cewa ba infoma ba ne, kuma wanda ya sa wuta ba ya son jin haka. Garin Wanke za su nufa, wurin dangin Zulai.

Lawwali ya rusuna ya gaishe ta. Sa'an nan ya ce, "Hajiya, Alhaji ya yi hushi da ni?"

"Da kai?"

"Ki gaya mai ban buɗa baki ba. Ko za shi maishe ni aiki in ƙura ta kwanta."

Kafin Rufaida ta buɗe baki, Zulai ta ja hannun rigarsa da ƙarfi, suka juya.

Ta tsaya tana kallonsu har suka sha kwana wajen tasha. Sa'an nan, bisa sabo, idonta ya sauka ƙasa. An yi yayyafi da safe, ƙasa ta yi laushi. Ga takalmin roba mai faci a dunduniyar hagu, ya fito sarai. A dama kuwa babu taku, sai dogon layi na ƙafar da ake ja.